Rajistar coci, wasiƙun akwati da tsofaffin hotuna: ina Bakano zai nemo tarihin gidansu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a harabar kotu a Kano yana jiran takardar rantsuwar shekaru ya san yadda ake yi. A tambayi mutum yaushe aka haife shi, ya ɗaga kai ya yi lissafi da shekarar da aka sa shi firamare, a cike masa 1 ga Janairu, a buga hatimi. Haka da yawa daga cikin iyayenmu suka samu ranar haihuwa. Ba sakacinsu ba ne. Dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Nijeriya ta 1992 ce, kuma har yau ba kowane gida ke bin ta ba. To idan ranar haihuwar uba ke nan, ina ga ta kaka, balle ta kakan kaka?

Abin da muka gada shi ne tarihin baka, kuma ni ban raina shi ba. Tsohuwa ɗaya a Yakasai ko Madabo za ta lissafo maka auren gida biyar da yadda suka sarƙe da juna, abin da babu ofishin da ya taɓa rubuta shi. Sunayenmu ma rajista ne. Tanko ya gaya maka mata ya biyo, Delu ko Kande maza ta biyo, Gambo tagwaye ya bi, Talatu da Ɗanjuma sun faɗi ranarsu, Azumi ta faɗi watanta. Sunan unguwa kansa yana nuna hanya: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi, Sharifai, Dandalin Turawa. Sai dai baka tana da inda take rauni. Tana tsallake kakanni, a haɗa mutum biyu masu suna ɗaya su zama mutum guda. Tana zubar da mata, musamman waɗanda suka rasu ba su bar ɗa namiji ba. Alkunya ta sa an binne sunayen yanka da yawa a ƙarƙashin laƙabi, har jikoki su tashi ba su san sunan kakarsu ba sai Iya ko Inna. Sannan kowane gida ya fi son tuna reshen da ke da sarauta ko malanta. Kuma baka ba ta da shekara, sai dai “zamanin Sarki Alhaji” ko “bayan yunwar 'Yar Gusau”.

A nan takarda take da amfani. Kwanan wata guda ɗaya tabbatacce kamar turke yake: da zarar ka kafa shi, sai ka ɗaure labaran da ke yawo a jikinsa, ka ga wanne ya kai, wanne bai kai ba. Takardun da za su ba ka wannan turken suna nan a Kano, wasu a ƙasan gadon gidanku, wasu kuma a inda yawancinmu ba mu taɓa tunanin leƙawa ba.

Me rajistar coci ta ƙunsa, kuma wa ta shafa?

Na san mai karatu Musulmi zai ce me ya haɗa gidanmu da littafin coci. A yi haƙuri a bi ni, domin amsar tana cikin yadda coci ta shigo garin nan.

A 1900 tawagar mishan ta CMS, ƙungiyar masu wa'azin cocin Angilika daga Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell, da Dokta Walter Miller a cikinta, ta iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903 ma ba su buɗe wa 'yan mishan ƙofar birni ba, domin sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba. Jirgin ƙasa ne ya kawo coci. Dogo ya iso Kano a 1911, ya zo da ma'aikatan reluwe da akawuna da kafintoci da 'yan kasuwa daga ƙasar Yarabawa da ta Ibo, har da Saliyo da ƙasar da ake kira Ghana yanzu. Aka yanka musu Sabon Gari wajajen 1913, suka gina majami'unsu: Angilika, Katolika, Baftis, Methodist da sauransu. Sai a shekarun 1930 aka sassauta wa mishan, wata ƙungiyar mishan mai suna SIM ta karɓi aikin kutare a Yadakunya, ta buɗe asibitin ido a 1943, ta kuma shiga ƙauyukan Maguzawa. Daga cikinta cocin ECWA ta fito a 1954.

Waɗannan majami'u sun zo da wata al'ada da ba mu da irinta a masallatanmu: ba a yin baftisma ko ɗaurin aure ko jana'iza sai an shigar a littafi. Babban littafi ne mai bango mai kauri, an ja masa layuka. A rajistar baftisma za ka ga lamba, ranar da aka yi, ranar haihuwa ko kimanin shekaru, sunan wanda aka yi wa, sunan uba da na uwa, inda suke zaune, sana'ar uban, waɗanda suka tsaya wa yaron, da sa hannun fasto ko fada. A ta aure akwai shekarun ango da amarya, sunayen iyayensu maza da sana'arsu, da shaidu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa ko ya yi gicciye. Katolika suna da ƙari mai daɗi ga mai bincike: idan wanda aka yi wa baftisma ya yi aure, ko a wani gari ne mai nisa, ana aika sanarwa cocin farko a rubuta a gefen sunansa. Layi ɗaya sai ya nuna maka an haifi mutum a Sabon Gari, ya yi aure a Jos ko Onica bayan shekara talatin.

Ga Kiristan da aka haifi kakansa a Sabon Gari, wannan a fili yake. Zuriyar waɗanda suka bar Kano a tashin hankalin 1966 ba su dawo ba, da yawansu babu abin da ya rage musu na garin sai wannan layin. Amma abin bai tsaya kansu ba. A kudancin Kano, a ƙasashen Maguzawa, gida ɗaya ya sha rabuwa biyu a ƙarnin da ya wuce, wa ya musulunta, ƙane ya shiga coci. Jikan wan yau yana Kurna ko Ɗorayi, Alhaji ne, bai san sunan kakan kakansa ba, alhali sunan yana rubuce a littafin baftismar ƙanen, a gurbin “sunan uba”. Akwai matan da suka taso a gidan Kirista suka musulunta suka yi aure a cikin birni, aka canja musu suna, 'ya'yansu suka tashi ba su san dangin uwa ba. Akwai 'ya'yan Musulmi da suka yi makarantun mishan, sunansu da na mahaifinsu da shekarar shigarsu suna rajistar makaranta. Akwai dubban da suka kwanta a asibitocin mishan aka rubuta garinsu. Akwai ma tsohuwar alaƙa ta Isawa, masu ba Annabi Isa matsayi na musamman, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watsu zuwa Ningi da iyakar Zazzau, wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Miller wajajen 1913, daga baya suka zama cikin gidajen Kiristocin Wusasa, kusa da Zariya. Wanda ya bi littattafan Wusasa a hankali, sawun wasu gidajen zai dawo da shi ƙasar Kano.

Ni a ganina Musulmin da ya je ofishin coci neman sunan kakarsa zumunci ya je nema, kuma sada zumunci umarni ne a kanmu. Babu abin jin nauyi a ciki.

Amma fa littafin ba ya karanta kansa, kuma a nan mutane suke yin tuntuɓe. Abu na farko, ranar baftisma daban, ranar haihuwa daban. Yawancin Hausawan farko da suka shiga coci manya ne, kuma ECWA da Baftis ba sa yi wa jarirai baftisma sam. Idan an rubuta “kimanin shekara 25”, kallon fuska aka yi aka ƙiyasta. Na biyu, suna. Mutumin da ƙauyensu suka sani da Ɗanbaba ko Nomau zai fito a littafi da Bitrus ko Yohanna, a tsohon littafin Katolika ma da Latin, Petrus ko Ioannes. Idan Allah ya taimake ka magatakardan ya haɗa da tsohon sunan, in ba haka ba sai ka bi ta sunan uba da ƙauye. Na uku, rubutun sunan. Bature ko akawun da ba Bahaushe ba abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, Hauwa ta zama Howa, Mamman ya zama Momo, Ɗanladi ya zama Dan Laddie. Haruffa masu lanƙwasa ba su zauna a boko ba sai a shekarun 1930, tafireta kuma ba ta da su, saboda haka Ɓaure da Baure duk ɗaya ne a takarda. Kada ka nemi suna da rubutu ɗaya, ka furta shi da ƙarfi ka ji me ya yi kama da shi.

Na huɗu ya fi ciwo. Coci mata ɗaya ta sani. Magidancin da ya zo da mata uku, littafi zai nuna ɗaya, sauran biyun da 'ya'yansu ko dai su fito a wani shafi ba tare da an danganta su ba, ko kuma a rasa su ɗungurungum. Wanda ya ɗauki littafin a matsayin cikakken lissafin gidan, ya zubar da rabin danginsa bai sani ba.

Bayan rajista akwai wasiƙu da rahotannin da 'yan mishan suka riƙa aikawa gida. Na CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila, na SIM suna ma'ajiyarsu a Amurka. A cikinsu akan ci karo da labarin mutum guda da sunansa, yadda ya zo, me ya ce, wa ya aura. Sai dai a tuna wa aka rubuta wa: masu ba da gudummawa ne a Turai da Amurka, waɗanda ake so su ji tausayi su ƙara kuɗi. Saboda haka duhun da ake cewa mutum ya fito daga ciki akan ƙara masa baƙi. Ka ɗauki sunan da shekarar da wurin, ka auna sauran.

Wanda zai je coci neman littafi, kada ya je ranar Lahadi da safe. Ya je ranar aiki, ya nemi magatakarda ko katikis, ya yi sallama ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, ya zo da suna da kimanin shekaru da garin asali. Tsofaffin littattafai wani lokaci an kwashe su zuwa hedikwatar ɗarika. Wasu gara ta ci. Wasu sun ƙone a rikice-rikicen da garin nan ya gani, kuma wannan asara ce ta Kano gaba ɗaya, domin tarihin garin ne ya ƙone. Idan an ƙi ba ka littafin a hannu kada ka ji haushi, sirrin gidajen mutane ne a ciki.

Abin da ke cikin adaka

Yawancin gidajen birni ba a coci za su sami turkensu ba, a ɗakin tsohuwa yake, cikin adaka ko akwatin ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa. Ko kuma a zauren malam, cikin gafaka.

A fara da littattafan malam. Malaman da suna da al'adar rubuta haihuwa da rasuwa a bangon Alƙur'ani ko a gefen wani littafin fiƙihu: an haifi wane daren Alhamis, kaza ga watan kaza. Wanda ya kwafi littafi da hannu kuma yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da na malaminsa da ranar da ya gama. Idan shekarar Hijira ce, lissafin da sauƙi: ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1340 za ta ba ka wajajen 1921 zuwa 1922, zamanin Sarki Usman ke nan. Wasu ba sa rubuta shekarar da lamba, da haruffa suke dunƙule ta, abin da ake kira ramzi, sai ka kai wa malamin da ya san hisabi ya warware. Takardar ma tana magana. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. Idan ka ga jinjirin wata uku a jere, irin takardar Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta hamada, kuma hakan na nuna tsufanta ba na wasa ba ne.

Wasiƙa kuwa, ko ta ajami ko ta boko, inda mai karatu ya fi tsallakewa nan ne amfaninta yake, wato gaisuwa. “Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ka gaishe da Baffa, da Inna, da Goggo ta Ƙofar Mata, da Yaya da mai ɗakinsa, da su Ladi da Auta.” Wannan ƙidayar gida ce a ranar da aka rubuta ta, kuma a jere take bisa girma. Idan ka samu wasiƙa biyu daga mutum ɗaya, shekara uku tsakani, ka jera sunayen gefe da gefe. Wanda ya ɓace a ta biyu ko ya rasu, ko an yi mata aure, ko aure ya mutu. Wanda ya ƙaru an haife shi ko an auro ta a tsakani. Da wannan za ka koma wajen tsofaffi da tambaya mai kai, maimakon “ba ni tarihin gidanmu” da ba ta da bakin kamawa.

Wasiƙun Kanawa sun zo daga nesa, domin Kanawa matafiya ne. Daga Gwanja da Kumasi wajen fataucin goro, hanyar da Alhassan Ɗantata ya bi kafin gyaɗa. Daga Sudan, inda mahajjatan ƙasa suka yi shekaru suna noma suna tara guzuri, wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba. Daga Ikko. Daga Burma a yaƙin duniya na biyu. Wanda kakansa soja ne ya nemi littafin sallamarsa, akwai lambarsa da garinsu da shekarar da aka ɗauke shi. Idan a can ya rasu, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen a intanet, ana nema da suna ko lamba.

Kada a yar da ambulan. Sau da yawa wasiƙar ba ta da shekara, hatimin gidan waya ne ke da ita. Idan hatimin ya goge, kan sarki zai taimaka: hoton Sarki Joji na biyar ya nuna kafin 1936 ko dab da ita, na shida daga nan zuwa farkon shekarun 1950, Sarauniya daga 1953. Kuɗin da aka ambata ma haka, fam da sule da sisi da taro sun tsaya a 1973 da naira ta shigo. Abu guda da za a kiyaye: rubutun hannun ba lalle na kakanka ba ne. Da yawa malami suke sa wa ya rubuta, ko masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, kuma wanda ya san wani zai rubuta wani kuma zai karanta a zaure, ba ya faɗin abin da ke cikinsa duka.

Amma idan aka ce in zaɓi takarda ɗaya da ta fi kowace daraja ga gidan Musulmi, takardar rabon gado zan ɗauka. Shari'a ba ta yarda a manta da kowa ba. Dole alƙali ya lissafo matan mamaci, da 'ya'yansa maza da mata, da iyayensa idan suna raye, domin kowa da rabonsa. Matan da baka ta zubar, a nan suke da sunansu na yanka. Ga gida da iyakokinsa, gabas gidan wane, yamma gidan wane, ga gona, ga bashi. Na biye da ita takardar cinikin gida, da rasiɗin haraji, wanda ke ɗauke da sunan magidanci da unguwa da shekara har zuwa 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Na hukuma kuma suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardin Kano suke, da Gidan Arewa a can Kadunan, da Gidan Ɗan Hausa a nan gida. Har bayanan shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 sun tsira da Larabci, cike da sunayen talakawa masu ƙara a kan gona da gida da gado.

Hoto sai da mai gane shi

Hoto ya fi kowace takarda jan rai, kuma ya fi kowace saurin zama marar amfani, domin ba ya faɗin sunan kowa. Fara da juya shi. A baya akan sami hatimin mai hoto da shuɗin tawada ko shunayya, sunan shagonsa da titinsa, galibi a Sabon Gari ko Fagge. Wani lokaci an rubuta “domin tunawa” da kwanan wata. Sannan ka dawo gaba ka bar fuskokin tukuna, ka duba gefe. Mota a hannun hagu na titi tana nuna kafin Afrilun 1972. Babban Masallacin Juma'a da ginin da muka sani yana nuna daga farkon shekarun 1950. Dalar gyaɗa a baya, ko ƙofar gari kafin a rushe ta a faɗaɗa, ko ɗinkin hula, ko ɗaurin kallabi, kowanne yana rage maka tazarar shekaru. Tsagar fuska kuma tana iya faɗin abin da gidan ya daina faɗa game da inda aka fito.

Kada a yi saurin yanke hukunci da kayan da ke hoton. Rediyo da tarho da agogo da kujerar alfarma sau da yawa na mai shagon ne, babbar rigar ma wataƙila aro ce. Rashin hoto kuma ba ya nufin komai. Matan kulle ba sa zuwa shago, wasu malamai ba su yarda da hoto ba sam, shi ya sa hoton farko kuma na ƙarshe na kakanni mata da yawa shi ne na fasfon Makka. A nemi wannan fasfon, akwai suna da kimanin shekaru da shekarar tafiya a wuri ɗaya. Hotunan Turawa kuwa, irin waɗanda ake gani a Gidan Makama da ma'ajiyoyin waje, sarakuna da hakimai kaɗai suka ci suna. Sauran “wani Bahaushe ɗan kasuwa” ne, “wata mai tallan nono”. Kakan wani ne, an bar shi babu suna.

Maganin wannan ɗaya ne, kuma yana da wa'adi. A ɗauki hoton a kai wa mafi tsufa a dangi. Na ga yadda ake yi, kuma ba a yin sa da gaggawa. Ka zauna a tabarma bayan la'asar da haske, ka miƙa mata, ta kai shi kusa da ido ta nisanta shi.

“Goggo, wace ce wannan ta tsaye a bayan Malam?”

“Kai yaro, ai wannan ita ce ta Gwammaja. Ba ita ta haifi ubanku ba, amma ita ta goye shi.”

Ka ji abin da babu rajistar da za ta ba ka. Kada ka katse ta don neman shekara. Bar ta ta zagaya, sannan ka tambaya a hankali: lokacin an yi Sarki Sanusi ko tukuna? Kafin zuwan Sarauniya ne ko bayansa? Sarki Abdullahi Bayero, wato Sarki Alhaji, ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, Sanusi daga nan zuwa 1963, Ado Bayero daga 1963, Sarauniya ta zo a 1956. Da waɗannan kaɗai za ka sa yawancin labaran gida a cikin shekara goma. Idan ba za ta iya faɗin sunan ba saboda alkunya, kada ka matsa, nemi wata ta faɗa. Ka nemi izininta ka naɗi muryar a waya. Sannan ka kai hoton wani ɗakin daban ka sake tambaya ba tare da ka faɗi abin da ta ce ba, domin 'yan uba ba sa ba da labari iri ɗaya.

Wata sabuwar ɓarna ta shigo da ya kamata a ambata. Manhajojin da ke sa wa tsohon hoto launi suna “gyara” shi, fuska suke canjawa. Suna goge tsaga, su daidaita hanci, su ƙirƙiro idon da ba na mutumin ba. Wanda ya so ya yi don nishaɗi, amma ya ajiye na asalin, kada na jabun ya zama shi jikoki za su sani.

Abin da takarda za ta tono

Ba duk abin da za a samu ne mai daɗi ba, kuma gara a shirya. Kano ta yi zamanin bauta. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma takardun kotuna na tsakanin nan cike suke da fansa da 'yantawa, da suna da ƙabila da kuɗin da aka biya. Mai bincike zai iya samun kakarsa a ciki. Zai iya gano gidan da ke cewa daga Malle ko Barno ya zo, Bamaguje ne kaka na huɗu. Zai iya gano auren da aka ɓoye, ko ɗan da ba a lissafa ba. Ra'ayina shi ne a rubuta gaskiya a ajiye wa zuriya, domin matar da aka kamo tana yarinya ta rayu ta haifi gida guda ta cancanci a san sunanta. Amma a bambanta ajiyewa da yaɗawa. A garin da ake bincike kafin a ba da aure, kuma gori bai mutu ba, abin da ka saka a Facebook yau yana iya ɓata auren ƙanwarka gobe. Abin da ya shafi rayayyu, a nemi yardarsu.

Haka kuma kada ka yi mamaki idan Baffa ya ƙi fito da takardun. Sau da yawa tsoron rigimar gado ne, yana zaton gidan kake nema. Ka gaya masa a fili hoton takardar kawai kake so, a gabansa za ka ɗauka, ta kwana a hannunsa.

Ajiyar kanta ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Abokan gabar su ne gara da ɓera da danshin damina. Kada a kai tsohuwar takarda a manne ta da roba mai zafi, zafin da gam ɗin suna cinye tawada kuma ba a iya cirewa. Kada a ƙulle ta a leda, tana gumi. Kada a liƙe yagewa da salatif. A ware kowace a tsakanin farar takarda, a cire ƙusar da ta yi tsatsa, a sa a akwati a ɗora a sama nesa da bango da ƙasa, a riƙa buɗewa ana dubawa bayan damina. A ɗauki hoton gaba da baya da waya a inuwa mai haske, har da ambulan. Wajen turawa a WhatsApp a tura a matsayin fayil, domin turawar hoto kai tsaye tana rage ingancinsa har ƙananan rubutu su dushe. A raba kwafi a gida uku ko huɗu na dangi, ɗaya a wani gari.

Sunaye kuma a rubuta su a bayan hoto da fensir, biro yana huda takarda ya fito ta fuska. A rubuta daga hagu zuwa dama, cikakken sunan yanka da na mahaifi da laƙabi da unguwa, da sunan wanda ya gane su da ranar da ya faɗa. “Baba da Inna” bai isa ba, domin wanda zai buɗe akwatin nan da shekara hamsin bai san Baban wa ake nufi ba.